Rufin da Baffa Ya Bari a Buɗe

Daga Allah muke kuma gare shi za mu koma, Baffa dai ya riga mu isa. Ya rasu a ƙarshen bazarar bana, tsakanin azahar da la'asar, da jar ƙasa a ƙarƙashin faratansa. Waɗanda suka yi masa wanka sun ce sai da suka nemi tsinke. Yayan mahaifina ne, shi ya riƙe ni tun ina ƙarami. Tun ranar da muka kai shi na kasa zama wuri ɗaya, shi ya sa na ce bari in danne kaina in rubuta abin da na sani game da shi, kafin kwanaki su fara cinye shi.

Ƙofar gidanmu, a wani ƙauye na yankin Kafin Dafga, ta cika maƙil da masu gaisuwa. Daga Karaye an zo, daga Yola ta nan kusa an zo, har daga Rogo. A zauna, a yi addu'a, a shafa, a ce mana ya haƙuri, mu ce da godiya, sai a yi shiru. Amma shirun makokin Baffa ba ya daɗewa. Ladanin unguwarmu ne ya fara fasa shi.

"Allah ya jiƙan Malam," ya ce, yana murza carbi. "Lasifikar masallaci tana nan a ɗakinsa, ko? Tun kafin azumi ya kwance ta, ya ce ƙaramin aiki ne. Da maƙogwarona nake ta fama."

Wani ya yi tari don ya ɓoye dariya. Maƙwabcinmu na gabas ya gyara zama ya ce, "Kai taka da sauƙi. Ni ƙyauren zaurena ya cire zai daidaita. Buhu na rataya, awaki suna shiga suna fita kamar gidan ubansu."

Sai labari ya ɓalle. Wannan famfon feshi, wancan amalanke, wancan rediyo. A cikin gida, wajen mata, an ce mai markaɗen layinmu tana kuka tana cewa shi ya tayar mata da injinta lokacin da kowa ya ce ya mutu, ko da yake har yau sai an tokare shi da dutse yake tashi. Mutane suna dariya suna share ido, liman yana cewa a yi salati, shi ma gemunsa yana rawa.

Ni ban yi dariya ba. Daga inda nake zaune ina hango tsani jingine da ɗakin Inna, matar Baffa, daidai yadda ya bar shi. In faɗi gaskiya, haushinsa nake ji a lokacin, haushi sosai, ina kuma jin kunyar haushin.

Ɗakin Inna soron ƙasa ne, rufin azara, shi kaɗai ya rage a gidan da ba a sa wa kwano ba. Baffa ya gano gara ta ci azara ɗaya, sai ya hau ya kankare ƙasar rufin wajen rabi, ya zare ruɓaɓɓiyar ya sa sabuwa. Saura mai da ƙasa da yaɓe. Ya sauko yin azahar, ya ce ƙirjinsa ya yi masa nauyi, ya kishingiɗa a zaure. Kafin a samo mota an gama. Ya bar Inna tana kwance a gadonta tana ganin sararin Allah ta tsakanin itatuwa, ga takaba ta hau kanta wata huɗu da kwana goma, ga damina a bakin ƙofa.

Kowane mai gaisuwa in zai tashi sai ya dubi gabas ya ce, "To, Allah ya kawo mana ruwa, an gama sharar gona." Jama'a su ce amin. Ni amin ɗin a wuya take tsaya mini.

Yaya, babban ɗan Baffa, yana kasuwanci a Kano. Mutum ne mai yanke magana, kuma ba zan ce bai da gaskiya ba. Washegarin rasuwar ya ja ni gefe ya ce, "Ka ga, ni ba zan bar uwata a ƙarƙashin rami da damina ba. Na tambayi liman, ya ce in ɗaki zai cutar da mai takaba tana iya tashi. In rufin nan bai rufu ba, da ita zan koma. Bayan damina in rushe shi in yi mata na bulo."

Muka shiga wajenta tare. Yaya ɗan fari ne, Inna kuwa mutuniyar zamanin da ce, ba ta faɗin sunansa, ba ta yi masa magana kai tsaye. Yana tsugune a bakin ƙofa, ni ina kusa da gado, amma ni ta kalla.

"Tela, ka gaya wa yayanka, a ɗakin nan aka kawo ni, a nan zan yi wa Baffanka takaba."

"Inna, ai ina jin ki," in ji Yaya.

Ta juya fuska bango. "Ka ce masa in na fita daga ɗakin nan na san ba zan dawo in same shi ba."

Ita ma tana da gaskiya. Soron ƙasa da aka bari a buɗe ba ya ganin ƙarshen damina. Muka ja tamfol muka danne da duwatsu, iskar yamma ta ɗage shi ta kai gidan maƙwabta. Muka sake ja. Na koma tabarmar makoki ina karɓar gaisuwa, ido ɗaya a kan mutane ɗaya a sama.

Haka Baffa yake, ba ya iya ganin abu ya ƙyale. In ya shigo gidanka bakinsa yana gaisuwa, ina kwana, ina gajiya, ya iyali, amma idonsa yana bin bango, yana bin ƙofa, yana bin ƙafar kujerar da ka ba shi. Kafin a kawo ruwa ya juya kujerar ciki sama. Aljihunsa na dama kullum a yage yake saboda ƙusoshi. Bai taɓa wuce tanƙwararriyar ƙusa a hanya ba, sai ya tsince ta, in ya sami dutse ya miƙar da ita. Manomi ne, da gero da gyaɗa ya ciyar da mu, ba wanda ya koya masa gini ko kafinta ko gyaran inji. Maganarsa biyu ce: "Kawo in gani," sai kuma "Ai ƙaramin aiki ne." Duk wanda ya ji ta biyun ya san kayansa sun tafi hutu.

Ba wai ba ya gyarawa ba ne. Yana gyarawa, sau da yawa ma abin ya tashi. Matsalarsa ita ce da ya gano ciwon abu sai sha'awarsa ta koma kan wani. Yana cikin ɗaure guga zai ji ƙarar ƙofa, ya ajiye guga ya tafi ƙofa, a can ya ga tsagewar bango. Inna takan ce in ana son Baffanku ya zauna ya ci tuwo da zafinsa, sai a kai masa tsakiyar fili inda ba abin da ya karye.

Ni ma na ɗanɗana. Shekarar da na buɗe shagon ɗinki a Karaye, ana saura 'yan kwanaki salla, kayan mutane jibge har rufi, sai ga shi ya biyo daga kasuwa. Ya tsaya yana saurare.

"Kekenka yana tari."

"Lafiyarsa ƙalau, Baffa."

"Kawo in gani."

Na fita sallar la'asar, na dawo na tarar da kekena a baje kan tabarma kamar an yi fiɗar akuya. Na yi kamar in fashe da kuka. Ya haɗa shi kafin magariba, amma ƙananan ƙusoshi suka yi saura a tafin hannunsa. Na nuna masa. Ya dube su, ya dube ni, ko a jikinsa, ya ce, "Waɗannan ƙari ne, masu ƙera shi sun sa ne don ado." Ya zuba su a aljihu ya tafi. Keken ya yi ɗinkin salla, har yau ma da shi nake aiki, sai dai in na taka shi mai shagon kusa ba ya jin wayarsa.

Amma akwai aikin da ya fara ya kuma gama a yini guda, kuma shi ne nake tunawa in haushi ya taso mini. Lokacin da mahaifina ya rasu gidanmu yana jikin na Baffa, katanga ɗaya ta raba. Mahaifiyata mace ce mai kunya, ko gishiri ya ƙare ba za ta zagaya ta titi ta shiga gidan yayan mijinta ta roƙa ba. Mukan kwana da abin da muka kwana da shi. Baffa bai tambaye ta komai ba. Wata safiya muka ji diga tana dukan katanga, kafin rana ta take ya huda ƙofa tsakanin gidajen biyu. Ya tsaya cikin ƙura yana haki ya ce, "Daga yau gida ɗaya ne, tukunya ɗaya ce. Wanda ya ga dama ya ji kunyar bango." Ƙofar a karkace take, kuma gajeriya ce, duk wani dogo a danginmu ya taɓa buga goshi a jikinta. Ta nan tuwo ya riƙa shigo mana har na girma.

Yanzu ga rufi a buɗe, kuma ba mai rufe shi. Samarin da ke gini a yankinmu bulo da siminti suka sani, suna ganin azara suka ce sai dai a sauke duka a sa kwano, wato Inna ta fita. Mutum ɗaya ya rage da na sani wanda ya iya rufin ƙasa, taubashin Baffa da ke wajen Gwangwan, wanda muke kira Baba Magini. Shi kuwa Baffa ya hana shi taɓa gidanmu.

Tun suna yara suke tsokanar juna, kamar yadda taubasai ke yi. Baba Magini yana ce masa mai ɓata wa maza sana'a, Baffa yana ce masa mai cin kuɗin laka. Sai wata shekara katangar da Baffa ya gina ta bayan gida ta kwanta da ruwan fari. Ya sake tayar da ita. Ba a daɗe ba aka yi ɗaurin auren ƙanwarmu, jama'a suna zaune a inuwar sabuwar katangar, Baba Magini ya iso ya ɗaga murya ya ce, "Jama'a, ku matsa daga nan, Malam ne ya gina!" Aka yi dariya. Da a nan ta tsaya da ba komai. Amma sai mutane suka fara jan tabarmi da gaske, ɗaya bayan ɗaya, har inuwar ta zama ba kowa. Ina kallon fuskar Baffa a ranar. Bai ɗaga murya ba, ya ce, "Muddin ina numfashi ba za ka ɗora ƙafa a kan ginina ba." Daga nan suna gaisawa, suna zuwa sunan juna, amma wasa ya mutu. Na sha ganin Baffa ya buɗe baki zai tsokane shi sai ya haɗiye.

Bayan sadakar uku na ari babur na tafi Gwangwan. Hadari yana haɗuwa a gabas yana watsewa, ni kuma ina tuƙi ina waiwaye kamar wanda ake bi. Na same shi a gindin darbejiya a ƙofar gidansa. Muka gaisa, ya yi mini ya haƙuri, na yi masa. Na fara kewaye-kewaye ya katse ni.

"Na zo jana'iza, na ga tsanin. Ka ɗauka makaho ne ni?"

"To Baba, abin da ya kawo ni ke nan."

"Ya hana ni. A gaban mutane ya hana ni. Da ransa ban hau ba, sai ya kwanta in lallaɓa in hau?"

"Za a tafi da Inna Kano, Baba."

Ya dubi ƙafafunsa. Can ya ce, "Ya kwaɓa ƙasa kafin ya sauko?"

"Tana bayan gida, ya rufe ta da buhuna."

"Kana zuba mata ruwa?"

Na ce a'a. Ya yi tsaki. "Kai dai tela ne. Koma ka jiƙa ta ka tattake, kada ta bushe." Bai ce zai zo ba, bai ce ba zai zo ba. Na koma na tuɓe takalmi na shiga laka ina tattakawa ina zagin kaina, masu gaisuwa suna leƙe ta kan katanga.

Da hantsi washegari sai ga shi a bayan babur ɗin jikansa, da tsohuwar rigar aiki. Bai tsaya a tabarma ba, ya wuce bayan gida, ya damƙi ƙasar ya murza, ya kai hanci. Ramno, wato busasshiyar ciyawar da ake haɗawa da ita, ta narke a ciki ta yi wari.

"Ta ruɓa yadda ake so," ya ce. "Kwaɓi kam Allah ya ba shi. Haƙurin ɗorawa ne ba a ba shi ba."

Gwaggo, ƙanwar Baffa, ta fito tana tafa hannu. "Ana zaman makoki ana gini? Ko bakwai ba a yi ba! Me duniya za ta ce?" Aka tambayi liman ya ce ba laifi a rufa wa mai takaba ɗaki. Gwaggo ta koma ciki tana mita, ta kuma aiko mana da kunu.

A gindin tsani Baba Magini ya tsaya. Ya dafa matakin farko, ya daɗe a haka, har na ɗauka ƙafarsa ce. Sai na ji ya ce a hankali, "Malam, ka yi haƙuri, zan hau." Ya hau.

Ni ina cura ƙasa ina jefa masa, yana caɓewa yana dannawa da dunduniyar hannu. Hannuna na allura ne, kafin azahar ya yi kanta. Yaya yana tsaye a inuwa da shaddarsa, hannu a baya, yana kallon sama yana kallon agogo. Sai muryar Inna ta fito ta taga.

"Tela, ka gaya wa yayanka, ubansa bai taɓa tsayawa yana kallon mutane suna aiki ba."

Ban gaya masa ba, ai ya ji. Ya cire riga ya rataya a kan turmi, ya naɗe wando ya shiga laka. Ladan ya zo ya karɓi jifa, maƙwabcinmu na gabas ya kama ɗebo ruwa. Kafin faɗuwar rana an mai da ƙasa, an yaɓe, an daidaita indararo. Baba Magini ya sauko yana dafe da ƙugu ya ce sai ya sha rana ya bushe kafin a shafa makuba, ruwan ɓawon ɗorawa da ke hana yaɓe wankewa. "Ku roƙi Allah ya riƙe ruwan nan kaɗan," ya ce. Gari duka yana roƙon ruwa, mu a gidanmu muna roƙon rana a ɓoye kamar ɓarayi.

Allah ya ba mu ranar. Aka shafa makuba, aka yi sadakar bakwai, baƙi suka watse. Yaya bai tafi ba. Ya ce shi bai yarda da laka ba sai ya gani da idonsa. In ruwan fari ya sauka ɗakin ya zuba, magana ta ƙare, Inna ta shiga mota.

Ruwan ya zo da yamma, bayan la'asar. Gabas ta yi baƙi ƙirin, iska ta taso, kaji suka ruga, a waje yara suna ihu suna murna. Ni da Yaya muka shiga ɗakin Inna muka tsuguna. Sai ta tashi daga kan tabarmarta ta jawo kwanuka daga ƙarƙashin gado. Ta ajiye tasa a ƙafar gado. Ta ajiye roba a bayan ƙofa. Ta auna da ido, ta matsar da wani kwano kusa da akwatinta, ta ɗan ƙara tura shi da ƙafa.

"Inna, na mene ne?" na tambaya.

"Nan yake zuba," ta ce. "Da nan, da nan. Duk shekara Baffanka yana yaɓewa, duk shekara nan ne."

Yaya ya dube ni, na dube shi. A gidan nan muka girma mu biyu, ba wanda ya taɓa sani. Ba ta taɓa faɗa wa kowa ba.

Ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya. Indararo yana ta ambaliya a tsakar gida. Mu uku mun ɗaga kai muna bin azara ɗaya bayan ɗaya da ido, wuyana har ya ƙage. Aka daɗe ana yi. Yaya ya kunna fitilar wayarsa ya haska kowane lungu, ya shafa bango, ya sa yatsa a tasa, ya sa a roba. Ya sauke numfashi ya ce da ni, "Ka gaya mata ta zauna abinta."

Na juya da murna zan faɗa mata. Ta ɗauki kwanon da ke kusa da akwati ta riƙe da hannu biyu tana duba cikinsa.

"Ko ɗigo babu," ta ce.

"Alhamdu lillahi, Inna. Ba inda za ki."

Ba ta ji ni ba. Ƙofa take kallo. "In ruwan fari ya sauka da gudu yake shigowa, jiƙe sharkaf. Ya tsaya nan inda kake, ya ɗaga kai, ɗigo yana sauka a goshinsa, ya ce in yi haƙuri gobe zai hau." Ta sake duba busasshen kwanon. "Ashe dai ya tafi, Tela."

Ta kifa fuska a kan gwiwa ta fashe da kuka, irin kukan da ban taɓa jin ta yi ba. Yaya ya sunkuyar da kai. Ni ma duk haushin da na kwana da shi na neme shi na rasa, sai kewar mutumin nan ta danne mini ƙirji.

Allah ya jiƙanka, Baffa, ya yafe maka, ya yalwata maka makwanci. Inna tana ɗakinta tana yi maka takaba. Damina ta yi nisa, rufin bai zuba ba ko sau ɗaya, amma duk ranar da hadari ya haɗu sai ta tashi ta jera kwanukan nan a wurarensu, kuma ba wanda ya iya ce mata ta daina.